An ce "put off", na ɗauka an soke taron

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga Kaduna. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ina aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, ni ke kula da shirya taruka. Shugabar sashenmu Baturiyar Ingila ce. Kwanakin baya ta turo mini imel mai layi ɗaya: 'The workshop has been put off.' Ni tun ina firamare na san 'put off the light' shi ne kashe fitila, sai na ɗauka an kashe maganar taron ke nan. Na kira otal na ce mun fasa, suka riƙe rabin kafin alƙalamin da muka biya, na kuma sanar da mahalarta 40 cewa babu taro. Bayan kwana biyu sai ga ta tana tambaya ko ɗakin taron yana nan a sabuwar ranar da aka tsayar. Raina ya ɓaci, na mayar mata da amsa da zafi. Sai ta rubuto: 'I was a bit put off by your reply.' Tun ranar barci ya gagare ni. Nufinta ta dakatar da ni daga aiki ne? Kuma wai ma'ana nawa ne da wannan kalma? Ina da digiri, amma yanzu ko imel na buɗe sai gabana ya faɗi."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu fara da abin da ya hana ki barci: ba a dakatar da ke ba. Da dakatarwa ce, kalmar da za ki gani ita ce "suspended". Da sallama ce, za ki ga "dismissed" ko "laid off" ko "let go", kuma irin wannan ba a layi ɗaya na imel yake zuwa ba, takarda ce ke fitowa daga sashen kula da ma'aikata. Abin da shugabarki ta ce shi ne amsarki ba ta yi mata daɗi ba, ta sosa mata rai. Wannan yana buƙatar gyara, za mu zo kansa, kuma ba gyara ne mai wuya ba.

Batun digiri kuwa, ki cire shi daga lissafi. Irin waɗannan kalmomi, inda ake ɗauko aikatau a jingina masa wata 'yar ƙaramar kalma kamar "off" ko "up" ko "out" sai ma'ana ta juya, Turawa suna kiran su "phrasal verbs", kuma su da kansu sun daɗe da sanin cewa nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. Samuel Johnson ya faɗi haka a gabatarwar ƙamus ɗinsa na Turanci tun a 1755. Abin da ya sa suke kayar da mai ilimi shi ne kowace kalma a cikinsu mai sauƙi ce. Kin san "put", kin san "off", don haka ba ki ga dalilin buɗe ƙamus ba. Da ta rubuta wata doguwar kalma da ba ki taɓa gani ba, da kin tsaya kin duba.

Mu ma muna da irinsu, sai dai ba ma lura saboda da su muka tashi. Ki ɗauki "sa", wadda ita ce takwarar "put". Sa hannu, sa baki, sa ido, sa kai, sa rana. Baƙon da aka koya wa cewa "sa" ajiye abu ne a wuri, "rana" kuma ita ce mai fitowa daga gabas, in aka ce masa an sa ranar 'yar maƙwabcinsa, ina zai dosa? Ba a fassara irin wannan gutsure-gutsure. Ana karɓar sa a dunƙule, sannan a duba abin da ke kewaye da shi. A wajen "put off", tambaya ɗaya ce ke raba miki hanya kusan kullum: me aka yi wa "put off" ɗin, abu ne ko mutum?

In abu ne mai lokaci, wato taro, biki, tafiya, jarrabawa, aikin tiyata, biyan kuɗi, yanke shawara, to ma'anar ita ce ɗagewa. Ba a fasa ba, an tura shi gaba ne. Kin tuna daren Asabar 16 ga Fabrairun 2019, lokacin da hukumar INEC ta sanar, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfunan zaɓe, cewa zaɓen shugaban ƙasa ya koma 23 ga wata? Wannan shi ne "The election was put off for a week." An yi zaɓen, sai dai ba a ranar da aka sa da farko ba. Kalmar da ke nufin fasawa ɗungurungum ita ce "call off". A shekarar 2020, saboda annobar korona, wasannin Olamfik na Tokyo an ɗage su zuwa Yulin 2021, gasar tanis ta Wimbledon kuwa soke ta aka yi, ba a buga ta wannan shekarar ba sam. Na farko "put off", na biyu "called off". Haka in 'yan ƙwadago suka janye yajin aiki, "called off the strike" ake cewa.

Akwai wani rami a nan da muke so ki gani da kyau, domin muna zaton shi ne ya ƙara ruɗa ki. In "off" ta tsaya ita kaɗai bayan "is", fasawa take nufi. "The wedding is off" an fasa auren ke nan. "The workshop is off" babu taro. Amma da zarar "put" ta shigo gabanta, an koma ɗagewa. Kalma ɗaya mai harafi uku ce tsakanin a riƙe ɗakin taro da a sake shi, kuma mai karatu cikin sauri, ga waya na ƙara ga mutane a bakin tebur, idonsa kan "off" yake sauka.

Ƙananan kalmomin da ke biyo baya su ke faɗa miki zancen lokaci. "Until" ko "till" na kawo sabuwar ranar: "put off until Monday", sai Litinin. "For" na kawo tsawon jinkirin: "put off for two weeks", an ƙara mako biyu. "By" ma kan yi wannan aiki in adadin lokaci ya biyo ta: "put off by a month". In kuma kika ga "put off indefinitely", an ɗage ba tare da an sa rana ba, sai abin da hali ya yi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da fasawa, kuma sau da yawa can yake ƙarewa, amma duk da haka ba hurumin mai shirya taro ba ne ta yanke cewa an fasa. Saƙon da aka turo miki bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba rana, ba tsawon lokaci. Wannan giɓi ne daga ɓangaren mai rubutun, kuma adalci ne a faɗa. 'Yan Ingila kan ce "put back" ko "push back" da wannan ma'ana ta turawa gaba, kishiyarsu kuma "bring forward", wato a matso da ranar kusa. In an ce miki "The meeting has been brought forward to Tuesday", kada ki jira Alhamis ɗin da aka sa a da.

Tsakanin "put off" da "postpone" akwai ɗan bambancin ɗanɗano da ƙamus ba kullum yake nunawa ba. "Postpone" ba ruwanta, sanarwa ce kawai, ita ta dace da takardar ofis. "Put off" kuwa sau da yawa tana ɗauke da ƙanshin jan ƙafa, wato mutum yana gudun abin ne, kullum sai ya ce gobe. "I keep putting it off" na nufin na san ya kamata in yi, amma ina ta kauce masa. Shi ya sa likita zai ce wa majiyyaci "Don't put it off", kada ka yi ta jinkiri. Kuma shi ya sa ba za mu ba ki shawarar rubuta wa na gaba da ke "You put off the payment" ba, domin kunnensa zai ji kamar kina cewa ya yi sakaci. "The payment was postponed" ko "was delayed" ta isar da saƙon ba tare da nuna wa kowa yatsa ba.

In aikatau ne zai biyo bayanta, dole ya ɗauki "-ing". "She put off going to the hospital", ta jinkirta zuwa asibiti. Ba a cewa "put off to go". Kuskuren nan yana da yawa a rubutun ɗalibai, kuma dalilinsa shi ne an saba da "want to go" da "decide to go", sai hannu ya zarce.

To, yanzu in mutum ne aka yi wa "put off". Mutum ba taro ba ne da za a ɗage shi, don haka ma'anar ta rabu gida uku, kuma ta biyu ita ce taki.

Ta farko tana nan kusa da ɗagewa. "We'll have to put the visitors off until next week" na nufin sai mun gaya wa baƙin kada su zo yanzu, su bari sai mako mai zuwa. In kuma abin ya zama ɗabi'a, ya koma yawo da hankali: "I asked for my money, but he keeps putting me off." Na nemi kuɗina, kullum je ka ka dawo, yau oga ba ya nan, gobe banki bai saki kuɗi ba. Alamar wannan ma'ana ita ce mutum ne ke yi wa mutum, da gangan, kuma za ki yawaita ganin "keeps" ko "until" ko "with excuses" a kusa.

Ta biyu ita ce abu ya fita daga ran mutum, ko ya sage masa gwiwa, ko ya sa ya ja baya. A nan mai aikatawar yawanci ba mutum ba ne, wani hali ne ko siffa: wari, tsada, dogon layi, kallon raini, kaushin murya. "The smell put me off." Warin ya sa na ji abin ya fita raina. "Don't let the price put you off." Kada tsadar ta hana ki. "The long queue put customers off." Dogon layin ya kori masu saye. Ana iya ambata abin da ya fita ran mutum kai tsaye bayan "off": "That illness put him off meat", tun da ya yi ciwon nan nama ya fita ransa. In aka juya jimlar, "by" ce ke kawo sanadin, kuma ga jimlarki nan: "I was put off by your reply." Ki lura "by" ɗin nan ba irin ta "by a month" ba ce. Waccan lokaci ne ya biyo ta, wannan kuwa dalili. Daga wannan ma'ana aka samo siffar "off-putting", abu mai kore sha'awa, kamar a ce "His manner is off-putting", halinsa ba ya jan mutane.

Sai "a bit" da ta sa a gaba, wadda bai kamata ki wuce ta da sauri ba. A zahiri "ɗan kaɗan" take nufi. Amma 'yan Ingila, musamman a wurin aiki, sun saba rage wa magana kaifi, kamar yadda Bahaushe zai ce jikin da sauƙi alhali majiyyacin yana kwance. Wanda ya zauna ya rubuta miki cewa ya ɗan ji ba daɗi, to ya ji ba daɗin da har ya ga ya kamata ki sani. Ba babban laifi ba ne, ba kuma abin sharewa ba. Mu a ganinmu alama ce mai kyau: ta zaɓi kalma mai taushi, ta faɗa miki ke kaɗai, ta bar ƙofa a buɗe. Wanda ya yanke shawarar rabuwa da ma'aikaci ba ya ɓata lokacin gaya masa yadda ya ji. Akwai 'yar'uwar wannan kalma, "put out", da ake faɗa wa mutum: "She was put out" ta ji haushi saboda an takura mata ko ba a kyauta mata ba. Suna kusa, amma "put off" ta fi karkata ga ja da baya.

Ta uku gajeriya ce: raba wa mutum hankali yana tsakiyar abu. "Stop talking, you're putting me off." Mai tsaron gida da ke tsalle-tsalle yana kaɗa hannu a kan layi kafin a buga fanareti, ƙoƙarinsa ke nan, "to put the striker off". An fi jin ta a bakin 'yan Birtaniya. Akwai kuma wata tsohuwar ma'ana ta sauke fasinja daga mota ko jirgi, amma yau "drop me off" ake cewa, ita za ki riƙe.

Mu koma kan fitilar da ta jawo duk wannan. Malaminki na firamare bai ƙirƙiro "put off the light" ba. Haka ake faɗa a ko'ina a Najeriya, ana kuma jin ta a wasu sassan Birtaniya. Tana da hujja a hankalce: tunda ana cewa "put on the light", me zai hana kishiyarta ta zama "put off"? Matsalar ita ce Turanci bai bi wannan lissafi ba. "Put on" tana da kishiyoyi daban-daban gwargwadon abin da ake magana a kai. Fitila, fanka, talabijin, janareta, duk abin da ke da makunni: "turn off" ko "switch off". Abin da ke ci da harshen wuta, gobara, kyandir, taba sigari, murhu na itace: "put out". Riga, hula, takalmi, tabarau: "take off". Don haka "put off your shoes" da "put off the fire" kuskure ne a kunnen Bature, ta farko "take off" ce, ta biyu "put out". Tsakaninki da abokan aiki 'yan gida, "put off the fan" ba za ta ɓatar da kowa ba. Amma a jarrabawa, ko a rubutu zuwa ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ki tsaya kan "turn off". Ki duba wannan: "We should put off the generator." Ɗan Najeriya zai miƙe ya je ya kashe inji. Baturen da ke duba kasafin kuɗi zai iya fahimtar cewa a ɗage sayen janareta zuwa wani lokaci. Jimla ɗaya, aiki biyu. Kuma ko a ma'anar kashewar, na'ura ake yi wa ita. Ba a kashe taro da "put off" yadda muke cewa an kashe magana. Wannan tunanin Hausa ne ya shiga rigar Turanci, kuma kowa da ke rayuwa da harshe biyu yana yin irinsa.

Wurin zaman kalmomin ma yana da ƙa'ida. In suna ne, kina da zaɓi: "put off the meeting" ko "put the meeting off", duk daidai ne, sai dai in sunan dogo ne a bar shi a ƙarshe don kada "off" ta yi nisa da uwarta. In wakilin suna ne, wato "it", "them", "me", "him", "her", "us", dole ya shiga tsakiya: "put it off", "put them off". "Let's put off it" ba Turanci ba ne. Wuri ɗaya ne za ki ga "off it" a jere kuma daidai ne, shi ne inda an riga an sa mutum a tsakiya: "The smell put me off it", warin ya fitar mini da shi daga rai. A nan "me" ce ta cike gurbin tsakiyar.

"Put" ba ta canza siffa a shuɗaɗɗen lokaci. Yau "put", jiya "put", an riga an yi "put". Babu "putted off". Lokacin sai dai ki gane shi daga kewaye: "they put it off yesterday", "it has been put off", "we will put it off". Da "-ing" kuma ana ninka t: "putting". Sannan "off" mai f biyu ce. "Of" mai f ɗaya wata kalma ce dabam, kuma ƙarshenta da sautin v ake furta shi. Na'urar gyaran rubutu ba za ta kama miki "put of" ba a kowane lokaci, tunda duka biyun kalmomi ne na gaskiya, sai kin duba da idonki.

Furucin yana da nasa aiki, musamman gare mu. Hausa ba ta raba p da f ba, kuma namu f ɗin da leɓɓa biyu muke yin sa, ga shi wannan kalma ta fara da ɗaya ta ƙare da ɗayan. Ga p, ki haɗe leɓɓa gam sannan ki sake su da ɗan fashewar iska. Ki riƙe 'yar takarda a gaban bakinki, in kin yi daidai za ta motsa farat ɗaya. Ga f, haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali, za ki iya jan ta muddin numfashinki. Wasalin "put" gajeren u ne irin na "kuɗi", ba irin na "but" ba. Nauyin murya kan "off" yake faɗawa. A magana mai sauri kalmomin biyu haɗewa suke yi, ɗan Ingila ya ce wani abu kamar "putof", Ba'amurke kuma t ɗinsa ta yi laushi har ta yi kama da r ɗinmu, ki ji kamar "purof". Da yawa daga masu cewa ba sa jin Turancin taron bidiyo, wannan haɗewar ce ke ɓace musu, ba kalmomin ba.

Don kada ki ci gaba da buɗe imel gabanki na faɗuwa, ga hanyar da ke aiki. Ki samu ƙaramin littafi, shafi ɗaya ga kowace irin wannan kalma. Kada ki rubuta kalmar da fassararta kawai, wannan shi ne ya kai ki inda kike. Ki kwafi jimlar gaba ɗaya yadda kika tsince ta, ki ja layi ƙarƙashin abin da aka yi wa aikin, ki rubuta a gefe ko mutum ne ko abu, sannan ma'anar da Hausa. Kalma ɗaya a mako ta isa, minti 10 a rana, kuma kafin mako ya ƙare ki ƙirƙiri jimla 5 daga aikinki na ofis, ba daga littafi ba. Ki fara da waɗanda ke yawo a saƙonnin aiki: "call off", "bring forward", "turn down", "follow up", "hold off", "sort out", "run out". Haddace jerin guda 100 a dare ɗaya ba ya zama, domin suna kama da juna, sai su cakuɗe. Ƙamus kuma ki nemi na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi don masu koyo. Za ki samu irin waɗannan kalmomi a ƙarshen bayanin "put", ba a farko ba. A cikin ƙamus ɗin, "sb" na nufin mutum, "sth" na nufin abu, kuma wasu ƙamusoshin suna sa 'yar kibiya mai kai biyu don nuna cewa ana iya raba kalmomin a sa suna a tsakiya. Wannan "sb" da "sth" ɗin shi ne ainihin tambayar da muka ce ki riƙa yi.

Sai kuma wata ƙa'ida da ba ta Turanci ba ce, ta aiki ce. Duk saƙon da zai sa ki yi abin da ba ya warwaruwa, sakin ɗakin taro, mayar da kuɗi, soke tikitin jirgi, sanar da jama'a, ki tabbatar da shi da layi ɗaya kafin ki ɗaga waya: "Just to confirm: is it postponed or cancelled? If postponed, do we have a new date, and should I keep the hall?" Wato ina so in tabbatar, ɗagewa aka yi ko sokewa, in ɗagewa ce an sa rana, kuma in riƙe ɗakin? Babu shugaban da zai raina ki don wannan. Turawan ma haka suke yi wa junansu, kuma matambayi ba ya ɓata.

Yanzu abin da za ki yi gobe da safe. Ki fara da otal, kafin ki rubuta wa shugabarki, don ki je mata da mafita a hannu. Ki nemi manajan da kansa, ba mai karɓar baƙi ba. Ki tambaya ko ɗakin yana nan a sabuwar ranar, sannan ki roƙi a mayar da rabin kuɗin da aka riƙe ya zama kafin alƙalamin sabon taron. Ba dole ne su yarda ba, ya danganta da abin da ke cikin takardar da kuka sa wa hannu, don haka ki karanta ta kafin ki je. Amma mai otal ya fi son cinikin da zai dawo a kan rabin kuɗin da ya riƙe, kuma wannan ita ce hujjarki. Duk abin da kuka tsayar, a rubuta.

Daga nan ki rubuta mata, gajere, ba kare kai, ba kuma zubar da kai. Wani abu kamar haka: "I'm sorry about the tone of my last message. I understood 'put off' to mean cancelled, so I released the hall and informed the participants. That was my mistake, and I should have checked with you first. I have spoken to the hotel, and here is where things stand." Sai ki zayyana abin da otal suka ce da adadin kuɗin da abin ya shafa, ba ɓoye-ɓoye. Haƙuri ɗaya ya isa. Kada ki cika saƙon da "please forgive me" da "I beg you", a kunnenta zai yi nauyi fiye da laifin, har ya sa ta rasa yadda za ta amsa. Ki kuma guji fara jimla da "You said" ko "You did not tell me" ko "Why did you", domin muna kyautata zaton irinsu ne suka sosa mata rai tun farko. A Turancin ofis jimlar da ta fara da "you" a lokacin saɓani zargi take zama. In kina so ki nuna cewa saƙonta ma ya gaza, kuma kina da haƙƙin nunawa, ki mayar da shi roƙo na gaba: "In future, it would help me to have the new date, or a note to hold the booking, in the same message."

Mahalarta 40 ɗin nan kuma kada su kwana ba su ji daga gare ki ba, domin wasu sun riga sun ba da ranar ga wani abu, wasu kuma sai sun nemi izini daga wuraren aikinsu. Ki aika saƙo ɗaya da Turanci da Hausa, ki sa sabuwar rana da wuri da lokaci a layin farko, ki nemi kowa ya amsa ko zai samu zuwa, waɗanda ba su amsa ba cikin kwana biyu ki bi su da kira. A na Turancin ki rubuta "postponed, not cancelled". A na Hausar ki ce an ɗage taron ne, ba a soke shi ba, kuma a yi haƙuri da saƙon farko.